Yadda Ƙaramin Asibitin Karkara Zai Yi Aiki da Ƙirƙirarriyar Basira: Daga Rajista Zuwa Ƙofar Gida

Tun ranar da na nuna wa abokan aiki, a taron ƙarshen wata, jerin yaran da suka daina zuwa rigakafi wanda na fitar a waya da taimakon ƙirƙirarriyar basira (AI) cikin rabin awa, wayata ba ta huta ba. Wani incaji ya kira daga ɓangaren Kafin Hausa, wata malamar asibiti ta turo saƙon murya har uku daga wajen Sumaila, tambayar kuma ɗaya ce: "Malam, wai yaya ake yi?" Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta. Da ƙaramin asibiti nake, irin mai ma'aikata huɗu ko biyar, firjin sola ɗaya, da sabis ɗin da sai an hau tudu ake samu. Rabin awar nan kuwa kada ta ruɗe ku. Kafin ta sai da na yi sati uku ina fama da rajista.

1. Zaɓi tambaya ɗaya

Ba a tauna taura biyu. Ku zauna da ma'aikata da shugaban kwamitin mazaɓa, ku fitar da abu ɗaya da ke damun yankinku, wanda kuma kuna da rubutunsa a littafi. Waɗanda suka fi sauƙin farawa uku ne: yaran da suka karɓi Penta 1 (ta farko cikin allurai uku na rigakafin cututtuka biyar) ba su dawo Penta 3 ba, matan da suka zo awon ciki sau ɗaya suka ɓace, da watan da zazzaɓin cizon sauro ke hauhawa har magani ya yanke. Ni da rigakafi na fara, kuma shi nake ba kowa shawara, domin ranakunsa a ƙayyade suke: sati 6, sati 10, sati 14, sai ƙyanda a wata 9 da wata 15. Abin da ke da rana, na'ura tana iya lissafa shi ba gardama.

Gargaɗi: "Yaya za mu inganta lafiyar al'umma?" ba tambaya ba ce. In ka ba na'ura ita, za ta zubo maka shafi biyu na zance mai daɗi wanda ba zai kai ka ƙofar gidan kowa ba.

2. Gyara rajista

Nan ne aikin yake, nan ne kuma yawanci ake karaya. Ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI, ba ta san garinku ba. Abin da ka zuba mata shi take niƙawa, in ka zuba tsakuwa, tsakuwa za ka tara.

Ɗauko rajistar rigakafi ta wata 12 da suka wuce. Buɗe tebur a Google Sheets ko Excel, duk suna aiki a waya. In ka fi son fom, KoboCollect kyauta ce kuma tana aiki ba sabis, sai an samu ta tura. Kowane yaro layi ɗaya: lambar da ka ba shi, unguwa ko ƙauye, ranar haihuwa, ranar kowace allura. Kada mutum ɗaya ya yi shi kaɗai. Wani ya karanto, wani ya shigar, shafi biyar ko shida a rana bayan an sallami marasa lafiya.

Abubuwa uku ne suka fi ɓata tebur. Na farko sunan gari. A littafi ɗaya za ka ga "Unguwar Gabas", "Ung. Gabas" da "U/Gabas", hannu uku ne suka rubuta, na'ura kuma za ta ɗauke su gari uku. Ku rubuta jerin ƙauyuka da rugagen da ke ƙarƙashinku sau ɗaya, kowanne da rubutu guda, a manna a bango. In kuna da taswirar GRID3 da aka yi tsarin kamfen da ita, ku bi sunayen da ke ciki.

Na biyu kwanan wata. Mu rana muke fara rubutawa, Amurkawa wata suke farawa da shi, manhajoji da yawa kuma tsarinsu suke bi. 03/04 a wurinka uku ga Afrilu ne, a wurinta huɗu ga Maris. Rubuta shekara, wata, rana, kamar 2024-04-03, ka huta.

Na uku shi ne wanda ba wanda ya gaya mini. Yaro ɗaya yana iya shiga littafi sau biyu da suna biyu. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ko yaron da ya ci sunan suruki. Ranar farko kakarsa ce ta kawo shi ta ce Muhammadu, ranar ta biyu uwar ta zo ta ce Abba, katin kuma an bar shi a gida. Sai aka buɗe masa sabon layi. A tebur, Muhammadu ya ɓace bayan Penta 1, Abba kuma ya faɗo daga sama da Penta 2. Kafin ka shigar, dubi sunan maigida da unguwa da ranar haihuwa. In ukun sun dace, yaro ɗaya ne.

Gargaɗi: inda gurbi ya zama fanko, bar shi fanko. Kada ka sa sifili, kada ka cike da zato. Kuma ka kwatanta jimlar kowane wata da abin da kuka tura a fom ɗin ƙarshen wata wanda ke shiga DHIS2, rumbun bayanan lafiya na gwamnati. In sun saɓa, tsaya nan ka gano dalili kafin ka wuce.

3. Kaya da kuɗi

Waya mai Android wadda batirinta bai kumbura ba, fawa banki ko soket a jikin solar asibiti, da data ta wata. Shi ke nan. Tebur ba ya cin data kamar bidiyo. Manhajojin AI irin su ChatGPT da Gemini duk suna da na kyauta, kuma ya isa wannan aikin. ChatGPT na biya kuwa, ban ga dalilin da ƙaramin asibiti zai fara da shi ba. In za ku sayi waya, a je Farm Centre a Kano da wanda ya san kan waya, a gwada caji a wurin.

Babban kashin kuɗin ba a waya yake ba, a tankin babur yake. Jerin da za ka fitar sai an bi shi gida-gida. In asibitinku na karɓar kuɗin BHCPF, asusun gwamnati na kula da lafiya a matakin farko, sa man babur da data a tsarin kashe kuɗi na wata uku tun kafin a sa hannu, da sanin shugaban kwamitin mazaɓa. Wanda ya bari sai jeri ya fito sannan ya fara neman kuɗin mai, daga aljihunsa zai biya, kuma ba zai jure wata biyu ba.

4. Cire sunaye kafin komai ya bar wayarka

Yi tebur biyu. Na farko mai suna da lambar waya, wannan ba ya fita daga asibiti. Na biyu kwafinsa ne wanda aka goge sunan yaro, na uwa, na maigida da lambar waya, aka bar lamba kawai: 001, 002, har ƙarshe. Na biyun kaɗai ake ba na'ura. In ta ce 047 ya makara, kai ne za ka koma na farko ka ga wane ne 047.

Wannan ba tsirfa ba ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta sirrin majiyyaci, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Sanar da shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma a rubuce, ka ajiye kwafi. A saitin manhajar kuma kashe wurin da ke ba su damar koyar da na'urarsu da hirarka.

Gargaɗi: kada ka ɗauki hoton shafin rajista ka tura don gudun wahalar shigarwa. Sunaye duk suna ciki, ga shi kuma tana kuskuren karanta rubutun hannu, 1 ta koma 7. Bayanan masu cutar ƙanjamau da duk abin da zai iya tona asirin mace a ƙauye, kada su shiga ko da ba suna. A gari mai gida talatin, shekaru da unguwa sun isa a gane mutum.

5. Yi tambayar

Ɗora tebur na biyu a manhajar AI, ka yi mata bayani kamar sabon ma'aikaci ne da aka turo yau, mai kaifin lissafi amma bai san komai na wurin ba. Ga irin abin da nake rubutawa:

"Wannan rajistar rigakafi ce ta ƙaramin asibiti. Kowane layi yaro ɗaya ne. Ana ba da Penta 1 a sati 6, Penta 2 a sati 10, Penta 3 a sati 14. Yau kwanan wata kaza. Fitar min da lambobin yaran da suka karɓi Penta 1, shekarunsu suka wuce sati 18, ba su karɓi Penta 3 ba. Kasa su ƙauye-ƙauye, wanda ya fi yawa a sama. Kada ki cike gurbin da babu komai. In kin ga kwanan watan da ba zai yiwu ba, ware shi daban. Nuna min yadda kika yi lissafin."

Jimloli ukun ƙarshe su ne gishirin. In babu su, takan rufe rami da ƙarya don ta faranta maka. Tana jin Hausa daidai gwargwado, amma na lura ta fi tsayuwa daidai a Turanci in ana maganar lissafi, don haka wanda ya iya ya rubuta da shi.

Daga nan nemi kason waɗanda suka zube a kowane ƙauye: Penta 1 a cire Penta 3, a raba da Penta 1, a ninka da 100. A ce yara 80 sun karɓi ta farko, 60 suka kai ta uku, kashi 25 ke nan. Duk inda ya haura kashi 10, akwai magana. Sai ka ƙara tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi: yaran da ko Penta 1 ba su taɓa zuwa ba. Su ba sa cikin littafi, don haka ta hanyar ƙiyasi ake gano su. A tsarin da muke aiki da shi, 'yan ƙasa da shekara ɗaya kashi 4 ne na jama'a. Ƙauye mai mutum 2,000 ana sa ran jarirai wajen 80 a shekara. In littafinka ya nuna 30, ka san inda babur zai fara nufa.

6. Gwada amsar da hannu

Ɗauki lamba goma daga jerin, ba na jere ba, ka buɗe rajista ka duba ɗaya bayan ɗaya. Ɗauki wasu biyar da ba ta sa ba, ka ga ko ya kamata su shiga. In ka sami kuskure biyu, kada ka gyara biyun ka wuce, akwai abin da ya karkace a tebur ko a tambayar. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: in ta ce ƙauyen da ka san matansa da cika layi tun da sassafe shi ne na ɗaya a zubewa, yi shakka.

Haka ta taɓa yi mini. Ta ɗora wani gari a sama, na shirya zuwa da faɗa. Wata dattijuwa mai share mana asibiti, wadda ta san kowane gida, ta leƙa jerin da na fassara da sunaye ta yi dariya. "Ɗan nan, ai waɗannan duk goyon ciki suka zo. Sun yi arba'in sun koma ɗakunansu." Gaskiyarta. Mai haihuwar fari gidan iyayenta take zuwa, Penta 1 kuma a kwana 42 take faɗowa, daidai lokacin da ake shirin mayar da ita. Sauran alluran a garin mijinta take karɓa, ko ba ta karɓa. Tun daga ranar na ƙara gurbi a tebur: mazauniya ce ko baƙuwa, in baƙuwa ce ina za ta koma. Sai in kira incajin can in ba shi labari. Haka ma rugar da ta tashi bayan girbi, da gidan da ya tafi ci-rani.

7. Fita gari

Kada ka shiga gari da takarda a hannu kana kiran sunaye. Fara da mai unguwa, ko bulama a ƙasar Haɗeja. "Ranka ya daɗe, akwai yara bakwai a unguwar nan da allurarsu ta rage, mun zo neman alfarma a haɗa mu da iyayensu maza." Shiga cikin gida aikin mata ne, ma'aikaciyar CHIPS (masu wayar da kai kan lafiya a unguwanni) ko 'yar sa-kai ta unguwar. Kowa a ba shi sunayen unguwarsa kaɗai, a takarda. Kada a zuba jerin a zauren WhatsApp.

A kowane gida a rubuta dalili da kalma biyu ko uku: tafiya, zazzaɓi bayan allura, maigida ya hana, nisa, an zo ba a samu ba, rasuwa. Kuma a nemi kati a gani, domin wasu sun karɓa a wani wuri ko a ranar fita ƙauye ba a shigar ba.

Gargaɗi: kada a ce wa uwa "kwamfuta ce ta nuna ɗanki". Garin da ya taɓa jin jita-jita kan rigakafi ba ya buƙatar sabuwa. Littafin asibiti ne ya nuna, kuma gaskiya ne. Tunda an shiga gidan, a auna damtsen yaran da suka kai wata 6 da tef. Ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, a tura nan take.

8. Hango damina da bazara

In kun ƙware a na farko, wannan ne na biyu. Nemi jami'in tattara bayanai na ƙaramar hukuma ya fitar muku da adadin zazzaɓin cizon sauro da gwaji ya tabbatar, wata-wata, na shekara biyar. Ce wa na'ura ta jera kowane wata, ta nuna adadi na biyu mafi girma cikin biyar ɗin. Wannan ɗaya ce daga hanyoyin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su wajen sa layin gargaɗi. In watan bana ya haura layin, sanar da sama. Nemi kuma ta ƙiyasta kayan gwaji da maganin zazzaɓi na ACT da za ku buƙata daga Agusta zuwa Oktoba, ku nema tun Yuni, kafin zagayen maganin rigakafin zazzaɓi na yara 'yan wata 3 zuwa 59 ya fara a Yuli, hankalin kowa ya koma can.

Gargaɗi: watan da kayan gwaji suka yanke, adadi zai faɗi ƙasa, ita kuma za ta yi maka albishir cewa cuta ta ragu. Haka watan yajin aiki. Yi wa irin waɗannan watanni alama, ka ce ta tsallake su.

Masu aiki a kwarin Haɗeja, Auyo, Ringim, Guri, Kiri Kasamma, su haɗa da hasashen ambaliya da hukumar lura da koguna ta NIHSA ke fitarwa kowace shekara da na ruwan sama na hukumar hasashen yanayi ta NiMet. Wanda ya ga 2022 ya san yadda hanya ke yankewa. Tambayi na'ura, bisa teburin awon ciki in kun yi shi, waɗanne masu ciki ne haihuwarsu za ta faɗo a Agusta da Satumba a ƙauyukan da ruwa ke zagayewa, a yi shiri da su da mazajensu tun hanya na biyuwa. A kai gishirin ORS da sinadarin tsaftace ruwa can tun da wuri.

Amma akwai cututtukan da ba a jira lissafi. Amai da gudawa irin na kwalara, sanƙarau, ƙyanda, da mashaƙo wanda ya addabi Kano daga ƙarshen 2022: da zarar ka yi zargi, kira jami'in sa-ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar, shi zai shigar a SORMAS, manhajar bibiyar ɓarkewar cututtuka. Layin kyauta na NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, 6232 ne. A yanki mai ƙasa da mutum 30,000, mutum biyu da ake zargin sanƙarau a sati ɗaya sun isa gargaɗi. Wannan da yatsu ake ƙirga shi.

9. Hoton ƙirji don tarin fuka

Wannan na'ura ba ku za ku saya ba, gayyato ta ake yi. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da manhaja wajen karanta hoton ƙirji don tace masu tarin fuka, daga shekara 15 zuwa sama. Manhajojin CAD4TB da qXR su ne aka fi ji, kuma akwai na'urar hoto ta tafi-da-gidanka da ake kaiwa ƙauye. Yi magana da jami'in tarin fuka na ƙaramar hukuma a sa ku a jadawali. Naku aikin shi ne tara mutanen da suka dace: masu tari na sati biyu zuwa sama, masu rama da gumin dare, da mutanen gidan duk wanda ke shan magani. Ranar kasuwa ta fi tara maza.

Gargaɗi: manhajar maki take bayarwa, ba hukunci ba. Mai maki sama a karɓi majinarsa a tura gwajin majina na GeneXpert, shi ne zai tabbatar. Wanda ya taɓa yin cutar ya warke, tabon huhunsa na iya ɗaga maki, don haka a tambaye shi. Mai ciki ta faɗa kafin ta tsaya gaban na'ura. Tanadi robar majina da mai kai ta tun kafin ranar, in ba haka ba an ɗauki hoto an tsorata mutane an watse. A kuma gaya musu gwaji da maganin wata shida kyauta ne.

10. Saƙon faɗakarwa

Ƙirƙirarriyar basira tana iya tsara maka daftarin sanarwar masallaci ko ta mai shela. Kada ka saki ko layi ɗaya sai wata uwa ta garin ta ji shi da kunnenta. Hausar na'urar ta littafi ce, wani lokaci ma ba ta kowa ba, ta taɓa mayar mini da allurar ƙyanda wani abu da ban taɓa ji ba. A naɗi saƙon da muryar wanda aka sani. Kuma ko da wasa kada a tambayi na'urar adadin maganin da za a ba majiyyaci a bi. Littafin ƙa'idar aiki na ma'aikatan lafiya yana kan tebur don haka.

11. Bayan wata uku

Sabunta tebur kowace Juma'a, sake tambayar farkon kowane wata, a kuma koya wa mutum na biyu, domin canjin wurin aiki ba ya sallama. In wata uku ya cika, sake lissafin kason zubewa ka ajiye kusa da na farko. Sannan ba na'ura gurbin dalilan da aka rubuto daga gidaje, ta ƙirga maka wanne ya fi yawa a kowane ƙauye.

In nisa ne, a matsar da ranar fita ƙauye can. In zazzaɓi bayan allura ne, a riƙa yi wa uwa bayani kafin a soka, ba bayan ta miƙe ba. In "maigida ya hana" ne, aikin liman da mai unguwa ne. A wurinmu abin da ya fito sama shi ne "an zo ba a samu ba". Da muka bincika, sai ya zamana ranar da yara biyu ko uku kaɗai suka zo ƙyanda, ana ƙyashin fasa kwalba mai allura goma tunda bayan awa shida zubar da ragowar ake yi, sai a ce su dawo wani satin. Matar da ta biya kuɗin acaɓa ta zo aka mayar da ita, ba ta dawowa. Muka tsayar cewa ko yaro ɗaya ne a fasa, muka kuma sa mai shela ya riƙa zagayawa daren Litinin yana tuna wa mutane cewa gobe Talata akwai allura.